Ladanin da Kuka Rufe wa Baki a Atonsu

Zuwa ga Madam, Shugabar gidan kula da tsofaffi masu ciwon mantuwa da ke Atonsu, Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da ma'aikatanki, ina gaishe ki da aiki. Sunana Rakiya, tela ce ni a Zongo, kuma ni ce 'yar Malam Sule Ladan, tsohon da ya yi wata huɗu a ɗaki na bakwai a gidanku. Sau biyu na rubuto miki da Turanci kika yi kunnen uwar shegu da ni. Shi ya sa wannan karon na rubuta da Hausa, kuma a fili, domin mutanen Zongo su karanta. Idan ba ki gane ba, ki ba wa ma'aikaciyar nan mai jin Hausa da kika ce mini kuna da ita ta fassara miki. Ni dai a wata huɗu ban taɓa ganin ko ƙeyarta ba.

Bari in fara gaya miki ko wane ne kuka ajiye, tunda ba ku damu ku sani ba. Mahaifina ya zo Kumasi daga Nijar yana saurayi, ya yi dako, ya yi fataucin goro, sannan ya yi shekara arba'in da wani abu yana kiran salla a ƙaramin masallacin layinmu. Ba a biyansa ko kwabo. Matan layin da muryarsa suke ɗora tukunyar koko, da ita suke sauke ta rana. Da ciwon ya kama shi, abubuwa suka dinga zubewa daga kansa ɗaya bayan ɗaya. Turancinsa ya tafi, yaren Twi da ya koya a nan ya bi baya, ya manta mahaifiyarmu ta rasu, daga ƙarshe ya koma kirana da sunan ƙanwarsa da ta mutu tun ba a haife ni ba. Abu ɗaya ne bai tafi ba. Lokacin salla na yi zai miƙe, ya ɗauki butarsa ta ƙarfe, ya yi alwala, ya sa hannu a kunne, ya kira salla da muryar da ko rawa ba ta yi. A wannan ɗan lokacin ne kawai nake ganin ubana.

Ban kawo shi wurinku don na gaji da shi ba, ko da yake haka Zongo ta ce. Sau biyu ya ɓace mini. Na farko an tsince shi a Bantama yana zaune bakin kwalbati babu takalmi. Na biyu ya shiga trotro, motar haya, sai a tashar Tafo wani direba da ya san muryarsa tun yana yaro ya gane shi. Ni kaɗai ce mace a gidan, ga keken ɗinki, ga yara uku, yayana Awudu kuma yana Italiya, abin da zai iya shi ne turo kuɗi. A Zongo ba a kai tsoho gidan baƙi, kowa ya san haka. Akwai matan da har yau idan na gaishe su a wurin suna, sama-sama suke amsawa.

Gida biyu na duba kafin na yanke shawara. Ɗaya a Tafo, na wata Hajiya Balaraba, tsohuwar nas da ta yi ritaya ta mayar da gidanta wurin kula da tsofaffi shida. Daɓen siminti ne, fentin bango ya koɗe, kaji suna yawo a tsakar gida, kuɗinta sidi dubu biyu a wata. Ɗayan kuma naku. Tayil kamar ka ga fuskarka, furanni a bakin ƙofa, ma'aikata cikin farin kaya, sidi dubu huɗu da ɗari biyar. Na raina gidan Hajiya. Zan faɗi gaskiya ko da ta ƙona ni, lissafin da na yi shi ne idan mutane suka ce Rakiya ta yar da ubanta, sai in nuna musu hoton tayil, in faɗa musu kuɗin, bakinsu ya mutu. Wannan laifina ne, kuma ina ɗauke da shi. Yanzu ga naku.

Na farko. Ranar da na kawo shi kika ba ni fom mai shafi shida. Akwai wurin da aka tambayi abin da majinyaci ya saba yi. Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa ladan ne, yana kiran salla sau biyar a rana, kada a raba shi da butarsa. Ban tsaya nan ba, na maimaita miki da baki a ofishinki. Kika yi murmushi, kika dafa hannuna, kika ce gidanku na kowa ne. Abin da ba ki faɗa mini ba shi ne kuna da dokar lokacin hutu, daga sha biyu da rabi zuwa huɗu na yamma, ba a son ko tari. Madam, ke haifaffiyar Kumasi ce. Babu wanda ya girma a garin nan, Musulmi ko Kirista, da bai san azahar da la'asar a cikin waɗannan awannin suke faɗawa ba. Kin karanta fom ɗina, kin san dokarki, kika karɓi kuɗina kika yi shiru.

Na biyu, butar. Kun ɗauke ta a mako na biyu, wai yana jiƙa tayil, wani zai iya zamewa. To, na yarda tsoho zai iya zamewa. Amma a ce gidan da ke karɓar dubu huɗu da rabi a wata ya kasa sayen roba da tabarmar leda a ajiye masa a bakin banɗaki? Da kin kira ni, da na kawo daga gida. Wannan butar ya taho da ita daga garinsu, ta girme ni, marfinta ɗaure yake da waya. Ya manta fuskokinmu amma hannunsa bai manta mariƙinta ba.

Na uku shi ne wanda ya hana ni cin abinci. A wata na biyu kika kira ni a waya kika ce Baba ya fara rikicewa, yana damun sauran tsofaffi, yana bukatar kulawa ta musamman, za a ƙara sidi ɗari shida. Hankalina ya tashi. Na sayar da ƙaramin kekena na surfani na biya. Na zaci za a ƙara masa mai zama da shi. Bayan mako uku kika sake kira da murna, kika ce an samu ci gaba, Baba ya natsu. Wallahi har hawaye na yi. Na tura wa Awudu saƙo, na yi sadakar ƙosai a masallaci, kuma Lahadin da ta biyo na zo wa ma'aikatanki da katan na lemo ina ta yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya. Duk suka karɓa, babu wanda kunya ta kama.

Ta yaya ban lura ba? Na yi wa kaina wannan tambayar har na gaji. Ziyara a gidanku ranar Lahadi ce, daga tara zuwa sha ɗaya na safe, lokacin da babu wata salla. Ina zuwa in same shi an yi masa wanka, an shafa masa mai, yana gyangyaɗi a kujera, a ce mini bai daɗe da karyawa ba ne.

Wata Laraba na kai wa wata mata ɗinki a Atonsu, na ce bari in leƙa. Maigadinku ya ce ba ranar ziyara ba ce, na ce to ya kira mini 'yan sanda, na wuce. Ina shiga ɗaki na bakwai wani masallaci a bayan katangarku ya fara kiran azahar, ana ji sarai ta taga. Ubana yana zaune, kansa a rataye, yawu yana zuba a kan rigar da na ɗinka masa da salla. Aka fara kira aka gama, ko gira bai ɗaga ba. Mutumin da ko zazzaɓi yake yi sai ya dafa bango ya miƙe.

Kada ki wahalar da kanki neman ma'aikacin da ya tona muku asiri. Babu shi. Littafinku ne, wanda ke kan teburin nas, na ɗauka na buɗe tana ihu, kuma na ɗauki hotonsa shafi-shafi. A gaban sunan mahaifina an rubuta “ya yi hayaniya”, da lokaci a gefe. Sha biyu da minti arba'in, ya yi hayaniya. Uku da rabi, ya yi hayaniya. Washegari haka, jibi haka, shafi bayan shafi. Na bi lokutan da yatsana, domin na san su kamar yadda na san sunana. Tsohon da bai san shekarar da muke ciki ba, babu agogo a ɗakinsa, bai taɓa saɓa lokaci da minti goma ba. Sai na zo shafin da aka rubuta an fara ba shi wata ƙwaya safe da rana. Daga nan hayaniyar ta ragu, ta koma sau ɗaya, ta ɓace. A ƙasa wani ya rubuta “ya samu sauƙi” ya sa hannu.

Wannan ce kulawa ta musamman. Da kuɗin kekena aka sayi abin da aka rufe wa ubana baki, ni kuma na kawo lemo na yi godiya. Duk lokacin da na tuna sai in ji kamar in kwashe kaina da mari.

Da na tsare ki a ofis kika ce likitanku ne ya rubuta maganin, kuma iyalan wasu tsofaffin sun yi ƙorafi. Ban raina haƙƙin kowa ba, iyayen mutane ne su ma, suna bukatar barci. Amma kuna da rumfa a can ƙarshen lambu, inda kuke ɗaukar hotunan talla. Minti uku kiran salla yake ɗauka. A riƙe hannunsa a kai shi can, ya yi, a dawo da shi, me zai ci muku? Hanyoyi nawa ne a gabanku, kuka zaɓi wadda ba ta bukatar kowa ya tashi daga kujera. Kuma ba ku tambaye ni ba, ni da na sa hannu a matsayin mai kula da shi.

A ranar na ɗauke shi. Likitan da ya duba shi a babban asibiti ya ce maganin ya yi wa mai shekarunsa ƙarfi, sai an janye shi a hankali, kuma bai yi mini alkawarin cewa abin da ya tafi zai dawo ba. Yanzu Baba yana Tafo, gidan da na raina. Na shiga da kunya, Hajiya Balaraba kuwa kawai ta tambaye ni wace taga ce zai fi jin masallaci daga gare ta. Duk lokacin salla da kanta take zuba ruwa a buta ta ajiye kusa da ƙafarsa. Ta roba ce, yana kallonta ya kau da kai.

Ga 'yan uwana na Zongo da ke karanta wannan, na san akwai masu irin halina da yawa, suna ɓoyewa don gudun baki. Idan dole ta sa za ku kai tsohonku wani wuri, kada ku yi irin wautata. Ku je ba a ranar ziyara ba. Ku ce a nuna muku littafin magani. Ku tambayi abin da za a yi da shi ranar da ya dame su, ku kalli fuskar mai ba ku amsa.

Madam, ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba. Ki ba ni cikakken bayanin kowace ƙwaya da aka ba shi, da sunan wanda ya rubuta, a rubuce, domin likitansa yana jira. Ki mayar da kuɗin kulawa ta musamman, ba zan taɓa shi ba, gidan Hajiya zan kai a gyara rufi. Ki sa dokar lokacin hutu a shafin farko na fom ɗinku, kafin wata 'yar ta sa hannu. Sannan ki nemo mini butar. An ce mini wai ba a san inda take ba. Ku duba sito, ku duba lambu, wataƙila da ita ake ba furanninku ruwa. Idan mako biyu ya wuce ban ji daga gare ki ba, zan kai hotunan littafin ga hukumar da ta ba ku izinin buɗe gidan.

Yau kwana ashirin da uku ke nan da barinsa wurinku. Jiya ina zaune kusa da shi aka kira la'asar. Na ga yatsunsa sun motsa. A hankali ya ɗaga hannu har ya kai kunne, ya buɗe baki. Hajiya ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Leɓɓansa suka yi ta motsi daga farkon kiran har ƙarshensa, bai tsallake ko kalma ɗaya ba, ina karantawa a bakinsa. Sauti ne babu.

Allah ya ba ki lafiya da tsawon rai, Madam. Idan tsufa ya zo miki da irin wannan ciwon, Allah ya bar miki abu ɗaya da za a riƙa gane ki da shi, kuma ya haɗa ki da mutanen da za su bar miki shi.

Wassalam.

Rakiya Sule,
'yar Malam Sule Ladan,
Zongo, Kumasi.