Yadda Ɓeraye Suka Cinye Yariman Malam

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Umma tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Ba gaisuwa ce kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Tun da aka yi maka canjin wurin aiki, wasanmu na Asabar a bayan shagon Tela ya koma hannun Malamin Lissafi. Shi ke ba da labari, mu kuma kowa da jarumin da yake takawa, ana jefa dayis irin na ludo a ga abin da ya faru. Ka san Maharbin da nake takawa na marigayi mijina ne. Shekara uku yana hannunsa, takardar jarumin ma rubutunsa ne, har da inda kofin shayinsa ya bar shaida.

Sati uku da suka wuce Malam ya yi kuskuren tara lamba, na gyara masa a gaban kowa. Direba ya yi dariya har da buga tebur. Asabar ta gaba sai ga dodo ya tsallake mutum uku ya nufo Maharbi. Malam ya jefa dayis a bayan kwalin da yake kare takardunsa, ya ce an mutu. Kafin in buɗe baki ya miƙa hannu ya yaga takardar biyu, wai haka ake yi.

Ban yi kuka a gabansa ba. Yanzu layin ba da labari ya zo kaina, zama huɗu aka ba ni, kowa da sabon jarumi a matakin farko. Akwatin littattafan wasa yana wurinka. Aiko mini da littafin Tsohuwar Rijiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Na ga takardarki, muna lafiya. Ki gaishe da Umma, ki ce ta daina hawa benen nan.

Abin da Malam ya yi bai kyauta ba, kuma ba haka ake yi ba. Shekara tara ina jan wasan nan, ban taɓa yaga takardar kowa ba. Amma ki tsaya ki ji. Rijiya an rubuta ta ne don jarumai na mataki na biyar. Ɗan matakin farko numfashinsa, wato makin ransa, bai fi takwas ba, mari ɗaya ya gama da shi. In kika jefa su ciki, Tela da Direba da Mai Kemis za su riga Malam mutuwa, kuma kowa zai ce kin yi cuta.

Na sa littafi uku a ambulan. Rijiyar tana ciki tunda kin nema. Akwai Gadar 'Yan Fashi, mai kyau ce amma sai an yi zama shida. Akwai kuma Rumbun Ɓeraye, wanda na koya miki wasa da shi kina 'yar sakandare. Shi ne daidai zama huɗu. Ki karanta duka kafin ki zaɓa, kuma ki zaɓa da sanyin zuciya.

Yayanki

*

Zuwa ga tsohon shugaban teburinmu,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan sabon wurin aiki ya karɓe ka.

Ina rubuto maka ne a matsayin wanda ya gaji kujerarka. Na sami labarin ƙanwarka ta nemi littafi daga wurinka, kuma ina da dalilin zaton da ni take. Na shafe sati biyu ina rubuta tarihin sabon jarumina, wani Yarima da aka raba da gadon sarautarsa, shafi goma sha biyu. Ba zan so aikin nan ya tafi a banza saboda fushin mace ba.

Game da Maharbi, tsakanina da kai, dayis ɗin bai kai ga kisa ba, saura biyu. Amma tebur yana bukatar ladabi, kai ma ka sani. Ina roƙon ka sanar da ni sunan littafin da ta nema, don in shirya.

Naka da biyayya,
Malamin Lissafi

*

Auta,

Karanta takardar da na haɗo da wannan. Na karanta ta sau biyu, na kasa cin abincin rana.

Na amsa masa da layi ɗaya, na ce Tsohuwar Rijiya kika nema. Ban yi ƙarya ba. Duk wanda ya san littafin nan zai zo da sulken ƙarfe mafi nauyi. Ki sake duba shafi na tara na Rumbu. Maganar sanyin zuciya kuma, na janye.

Yayanki

*

Yayana,

Gaisuwa irin ta wadda ta ci ta ƙoshi. Zauna ka sha labari.

Malam ya zo da kwafin Rijiya a naɗe a aljihun rigarsa, yana zaton ban gani ba. Duk abin da aka ba Yarima na farawa ya zuba shi a sulke da garkuwa, ko igiya bai saya ba. Da na ɗora Rumbun Ɓeraye a kan teburin yankan Tela, sai da ya cire tabarau ya goge. Ya ce ai wannan na yara ne. Na ce to ba zai ba shi wahala ba. Kwalin nan kuma na naɗe shi na ba Tela ya yi abin awo da shi, na ce ni a fili nake jefa dayis.

Zama biyu na farko lafiya lau. Na ba su ɓatacciyar akuya, na ba su mai gadin da ke satar hatsi. Mai Kemis ya ce rabon da ya yi dariya haka tun kana nan.

Jiya suka isa rumbun. Tsohuwa mai shara ta tare su a ƙofa, kamar yadda yake a littafi, ta ce katakon hawa na uku ya ruɓe, kada mai nauyi ya taka. Sau biyu na sa ta faɗa. Direba ya ce a ɗaure igiya tukuna. Malam ya gyara zama ya ce Yarima ba ya karɓar shawara daga masu tsintsiya, ya wuce gaba shi kaɗai.

Katako ya karye. Ya faɗa cikin hatsi har wuya, sulken ya hana shi motsi, ɓeraye suka fito. Na miƙa masa dayis na ce ya jefa da hannunsa ya gwada kuɓuta. Huɗu. Ya sake, biyu. Ya ce a ba shi na uku. Na ɗauko littafin na juya masa shafin.

“Malam, kai ne mai lissafi,” na ce. “Tara mana. Saura nawa?”

Ya dube ni, na dube shi. A nan ya gane na ga takardar da ya aiko maka. Can ya ce, “Babu saura.” Ya tattara shafinsa goma sha biyu, ya fita bai ko ɗauki hularsa ba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Muna lafiya. Mun yi zama na huɗu mu huɗu, sun kori ɓerayen, sun kai mataki na uku.

Malam bai zo ba. Matarsa ta same ni a asibiti ina kan aiki, ta ce kwana biyar ko gaisuwar Tela ba ya amsawa. Tela ya ce in je in ba Malam haƙuri don a zauna lafiya, tunda shi babba ne. Na karanta wa Tela takardar da Malam ya aiko maka, bai sake maganar ba.

In Malam ya rubuto maka, ka ce masa kujerarsa tana nan, duk Asabar ɗin da ya ga dama. Kada ka ce masa na yi nadama, don ban yi ba.

Sai na ji daga gare ka,
Auta