Mujalla Ɗaya Don Kawu Ovide

Houston, 2 ga Maris

Delvin ɗana,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da uwarka da mutanen unguwa. Ka daina bugo mini waya. Ina ganin sunanka yana haske, in ɗauka in kara a kunne, shiru. Likita ya gama magana: kunnen hagu ya tafi, na dama yana haɗa kaya. Shekara hamsin da ɗaya ina zaune kusa da farantan tagulla na kiɗa ina dukansu, ai dole.

Gangunana suna jibge a garejin ’yata Renette, na ce ta sayar. Wani malamin makaranta zai zo ya kwashe su Asabar ɗin bayan Ista. Kada ka ce komai, na riga na yanke.

Ita Renette ta damu, wai ina yini ina kallon bango. Ta ce za ta sa a riƙa kawo mini mujallar makaɗa, guda ɗaya, in zaɓa. Ni ban taɓa sayen ko ɗaya ba. Kai da kake cikin harkar, duba ka zaɓo mini. Ban da mai ƙananan haruffa.

Kawunka,
Ovide

New Orleans, 11 ga Maris

Zuwa ga Kawu Ovide,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Mama tana gaishe ka, ta ce ranar Litinin ta dafa wake da shinkafa ta tuna yadda kake ƙwace mata ƙashin da ke tukunya. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya a makaranta.

Na je shagon kayan kiɗa na Madam Odile, ta ara mini guda uku. Kwana shida ina karanta su a shagon faci lokacin hutun rana. Sai na wanke hannu sau biyu kafin in taɓa, duk da haka akwai shatin yatsana a ɗaya.

Ta farko mai ƙyalli ce, kauri kamar bulo. Fiye da rabinta talla. Na ƙura wa hotunan ido, sai na ga sandunan da ke hannun mutanen ko ƙwarzane babu, tafin hannunsu kuma ba kanta. Wannan ta masu son sayen ganga ce, ba ta masu buga ta ba.

Ta biyu hira ce da makaɗa, tsofaffi da yara, da darussa a baya. Akwai wata mata ’yar Chicago da ta ce shekara uku a kan matashin kai ta koyi ganga saboda maƙwabta. Na yi dariya ni kaɗai har maigidana ya leƙo. Haruffanta manya ne.

Ta uku siririya ce, baƙi da fari, sau huɗu take fitowa a shekara. Malamai ke yin ta. Kusan duk shafi layi biyar-biyar ne da ɗige-ɗige, rubutun kiɗa zalla. Madam Odile ta ce mutum biyu ke sayenta a duk garin nan, kuma dukansu da tabarau.

Na zaɓi ta biyu, na biya kuɗinta. Ga ta nan a cikin ambulan, ka ɗanɗana kafin Yaya Renette ta yi maka rajista.

Maganar ganguna ka ce kada in ce komai, to ban ce ba. Ranar Asabar mun raka Mista Cleophas makwancinsa da kiɗa, ni na riƙe babbar ganga. A hanyar dawowa, da muka saki kiɗan, wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, “Yaro, wannan hannun na Ovide ne, ina ka samo shi?” Na ce a gida.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Delvin

Houston, 19 ga Maris

Delvin,

Ina gaishe ka, ka gaida Goggo. Kai dai har yanzu kanka kamar tayar da kake facinta, iska ce kawai a ciki. Me ka aiko wa Baba?

Ya zauna da ita da murnarsa, har ya nemi kofi. Can na ga ya rufe, ya tura ta ƙarƙashin kujera, ya shige ɗaki. Kwana biyu ko abinci sai na kai masa. Na ɗauko na duba. Delvin, kowane shafi akwai ɗan akwatin nan da ake haska wa waya, an rubuta “saurara a nan”. Hirar ma rabi ce, wai a ji sauran a waya. Na ƙirga goma sha tara na gaji.

Jiya ya ce in kira malamin nan in tambaye shi ko zai iya zuwa kafin Ista. Na ce masa layi ba ya shiga. Ba zan iya wannan ƙaryar sau biyu ba.

Yayarka,
Renette

New Orleans, 23 ga Maris

Zuwa ga Kawu Ovide,

Gaisuwa mai yawa, da neman gafara. Na yi wauta. Duk kwana shidan nan da waya a hannuna na karanta mujallar, ina haskawa ina ji, ina jin daɗi. Da kunnena na zaɓa, ba da naka ba. Ban ma lura ina yi ba.

Na koma wurin Madam Odile na sake aro su uku na shimfiɗa a kan benci, wannan karon na kulle wayata a akwatin kayan aiki. Ta farko ta zama hotuna. Ta biyu ta zama kamar mutum ya fara ba ka labari ya tashi ya tafi. Siririyar nan kaɗai ce ba ta rage komai ba. Duk abin da take da shi yana kan takarda, ba ta neman kunnen kowa.

Yanzu zan faɗi abin da na daɗe da shi a ciki, in ka ga dama ka zage ni. Shekara huɗu da suka wuce na zo jin ku a otal ɗin nan da kuke kiɗan ranar Lahadi. Kowa da takardarsa a gabansa, har da kai. Mai ƙaho ya juya shafi ya fi sau goma. Kai ba ka juya ko sau ɗaya ba. Idonka yana kan diddigen shugabanku, yana ɗaga shi kana shiga. Tun ranar na san ba ka karanta rubutun kiɗa. Ban gaya wa kowa ba, har Mama. A raina ma girma ka ƙara, domin duk masu takardun kai suke bi.

Ni ma ban iya ba, Kawu. Amma ga siririyar nan na saya na sa maka a ambulan, duba shafi na ashirin da shida, na naɗe gefensa. Wani malami daga Ohio ya rubuta kiɗan titinmu, wanda ake yi a dawowa daga maƙabarta, wanda ka koya mini a kan murfin bola. Wannan ba ka bukatar kowa ya jiyar da kai, yana cikin ƙirjinka. Ka riƙa buga shi a cinya kana bin ɗigon da ido. Abin da hannu ya yi, shi ne sunan ɗigon.

Ba na cewa ka fasa sayarwa. Mujalla ka ce in zaɓa, wannan na zaɓa.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Delvin

Houston, 30 ga Maris

Delvin,

Na ga takardarka. Wa ya aike ka kallon diddigen mutane? An kai ka cin abinci, ka ɓige da leƙen asiri.

To tunda ka gani, ji sauran. Ina da shekara ashirin da bakwai wata babbar ƙungiya ta kira ni New York gwaji. Na buga suka miƙe tsaye. Sai aka ajiye mini takarda aka ce ga na gobe. Na kalle ta, na ce zan je bayan gida, ban tsaya ba sai tashar jirgin ƙasa. Na dawo na ce wa kowa sanyin garin ne ban iya ba. Uwar Renette ta rasu da wannan labarin sanyin.

Daga nan nake cewa takarda ta marasa kunne ce. Na faɗa wa yara da yawa, har da kai. To ga ni yau.

Ba na jin tsoho irina zai koya. Ɗige-ɗigen suna yi mini yawo a ido. Malamin yana nan zuwa ranar da aka sa.

Waɗancan masu kama da gicciye da ke can sama, faranti ne?

Ovide

New Orleans, 4 ga Afrilu

Zuwa ga Kawu Ovide,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta takardarka sau uku. Abin da ka faɗa ya tsaya a wurina.

E, faranti ne. Na tambayi Madam Odile. Na can ƙasa babbar ganga, na tsakiya ƙarama. Tsayayyen layin da ke yanka su kamar shinge ne, daga shinge zuwa shinge ƙirga huɗu. Ta ce in riƙa zuwa Talata da Alhamis da rana tana nuna mini, sharaɗin kada in shigo mata da baƙin mai a riga. Abin da ta nuna mini zan riƙa rubuto maka, ba sauri muke ba.

Ga wani abu da ya dame ni. Madam Odile ta ara mini wata irin wadda na aiko maka, na ɗauki kwana biyar ina haɗa shafin nan ɗigo-ɗigo, jiya na buga shi a shagonta, daidai yadda aka rubuta. Madam Odile ta bi da yatsa ta ce ban kuskure ko ɗaya ba. Akwai mutum huɗu a shagon, ’yan garin nan. Kawu, ko kafaɗa babu wanda ya motsa. Wani ma yana ta duba igiyar jita. Sai na rufe mujallar na buga naka, kafin in kai shinge na uku mai share shagon ta jingine tsintsiya ta hau rawa.

Ke nan akwai abin da mutumin Ohio bai sa ba, ko ya sa shi a inda ba wurinsa ba. Hannuna ya san bambancin amma kaina bai sani ba. Na duba na duba ban gano ba. Madam Odile ta iya takarda amma ba ta taɓa bin gawa da ganga ba. Ban san wanda zan tambaya ba in ba kai ba.

Barka da Ista tun kafin ta zo. Ka gaida Yaya Renette, ka ce mata tayar ta sha faci.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Delvin

Houston, 16 ga Afrilu

Delvin ɗana,

Gaisuwa. Shinge na biyu, bugu na huɗu. Mutumin Ohio ya sa babbar ganga a kan ƙirga, alhali gabanta take faɗowa da ɗan kaɗan, kuma da nauyi. Kwana tara ya ci mini, da fensir biyun Renette.

Malamin ya zo ranar Asabar da motarsa. Mutumin kirki ne. Na ba shi kofi, na sa ya duba mini takardar da na rubuta, wadda ke cikin ambulan ɗin nan, ya gyara mini ɗigo uku, ya tafi motarsa wayam.

Layin sama gyaran na mutumin Ohio ne. Na ƙasa sabo ne, ban taɓa buga shi ba, jiya ya zo mini. Ni ba zan ji shi ba. Ka buga shi a titi, ka rubuto mini abin da ƙafafun mutane suka yi.

Kawunka,
Ovide