Sai da Tsohon Mazauni a Gidan

Bukhara, Talata, 4 ga Maris

'Yata Mohira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidanki da yara. Yau gwiwar hagu ta ɗan sassauta, tarin ne dai yana nan.

Jiya Bahrom, ɗan marigayi mai gidan nan, ya kira ni shan shayi. Ya cika mini kofi har baki, kin kuwa san abin da hakan yake nufi a wajenmu: sha ka tashi. Ya ce, "Baba Ergash, masu yawon buɗe ido suna son ɗaki mai kallon kurangar inabi. Biyar na gyara, naka ne ya rage." Ya ba ni zuwa ƙarshen wata. A ɗakin nan matata, Gwaggonki Zebo, ta cika, ba ni da niyyar cikawa a wani wuri.

Jibi majalisar gari za ta zauna kan gidajen saukar baƙi na unguwarmu. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki, Ergash

*

Tashkent, 5 ga Maris

Baffa,

Sannu da jiki. Ka bar wa Bahrom ɗakinsa ka taho wajenmu. A hawa na tara na bene muke, amma na'ura ce take hawa da mutum, ba ƙafa ba. Kuma don Allah kada ka je zaman nan. Na san halinka, za ka miƙe ka yi musu faɗa kamar ɗalibanka na dā, ka dawo da zazzaɓi. Yara suna gaishe ka.

Taka, Mohira

*

Bukhara, Litinin, 10 ga Maris

'Yata Mohira,

Ina gaishe ku. Wasiƙarki ta iso bayan na riga na je, na kuwa dawo da zazzaɓin da kika faɗa. Amma ban buɗe baki ba.

Wanda ya yi magana Sobir ne, ɗan sandan unguwarmu. Majalisa ta so ta ɗora wa 'yan sanda binciken gidajen baƙi kullum, a kan aikin da suke yi. Ya miƙe ya ce, "Ranku ya daɗe, mu shida ne, gidajen sun haura ɗari biyu. Rabona da hutun mako tun kaka. Dā in an yi hayaniya a gida, tsohon gidan ne yake tsawatarwa. Kun kwashe tsofaffin, yanzu kuna neman mu zama su." Shugaban ya ce, "To mu sa wa tsofaffin kaki ne?" Aka yi dariya. Amma da aka ƙidaya hannuwa, aka yanke cewa ba gidan da zai sauke baƙi sai da tsohon mazauni da yake kwana a cikinsa.

Bahrom a sabuwar unguwa yake zaune, ni kaɗai ne tsohon mazaunin gidan nan. Washegari sai ga shi da burodi mai zafi da sabon bargo. Ya zuba mini shayi ɗan kaɗan a gindin kofi, ya ce, "Baba, ai dama wasa nake." Na ce, "Ni ma wasa nake da na fara ɗaure littattafaina." Na san ba don Allah ya yi ba, amma na gode masa, bargon yana da ɗumi.

Saura abu ɗaya. Ranar Juma'a Sobir zai zo ya gan ni da idonsa ya sa hannu a takardar izinin sauke baƙi. Zan dafa masa shinkafa da karas irin ta Gwaggonki, in ƙafa ta yarda.

Na gode da tayin ɗaki, 'yata. Ba kowa ake yi wa ba.

Baffanki, Ergash

*

Bukhara, Asabar, 15 ga Maris

'Yata Mohira,

Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Takarda ta fito, Bahrom ya kawo ta da hatimi. A ofis aka sa hannu, wai sun san ina nan. Ɗakin nawa ne har ranar da Allah ya yi.

An ce an ba Sobir hutun kwana uku, na kuwa yi masa murna. Shinkafar ta yi kyau. Na shimfiɗa tabarma biyu a ƙarƙashin kuranga, na jira har la'asar. Bai zo ba.

Ki gaida yara.

Baffanki, Ergash