Kujerar da Kika Bari, Yaya Hadiza

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki, na san babu mai kai miki wannan takarda. Amma abin ya cika mini ciki, kuma tun ina sabuwar ma'aikaciya ke na saba kawo wa ƙara.

Gida lafiya. 'Yarki Ummi ta haihu, an mayar da sunanki. Damina ta yi kyau a Baure, matan da muka raba wa irin gero suna sa ran cika rumbuna, suna ta yi miki addu'a.

Ofis ne ba lafiya. Bayan sadakar arba'in, kwamitin amintattu suka zauna suka ba Alhaji Nura kujerarki. Kin san shi, ƙanin matar shugaban kwamitin ne. Ƙungiyar da kika fara a zauren gidanku a nan Daura, kan tabarma, yau sai da izinin sakatare ake ganin shugabanta. Motar zuwa ƙauye ta koma kai 'ya'yansa makaranta, mu kuwa mu hau babur zuwa Mai'adua ruwa na dukanmu. Taron Litinin, inda kike barin har direba ya faɗi ra'ayinsa, ya zama wurin tsawa.

Kin tuna Malam Sani mai kula da rijiyoyinmu? Da aka ce masu ba mu tallafi za su zo, ya roƙi a gyara famfon garin Babban Mutum da ya lalace. Alhaji ya ce a shafa masa fenti kawai. Da Malam Sani ya ce wannan yaudara ce, sai Alhaji ya ci masa mutunci a gaban yaran ofis, sa'o'in 'ya'yansa. Mutum da furfurarsa, Yaya! Baƙi suka zo aka ɗauki hoto, famfo na ƙyalli, ko ɗigo babu. Washegari Malam Sani ya ajiye aiki. Matan garin har yau nesa suke zuwa ɗibar ruwa.

Amma ba Alhaji kaɗai nake fushi da shi ba. Har da ke, kuma ban taɓa iya faɗa miki ba kina raye.

Me ya sa kika riƙe komai a hannunki? Ke ce mai magana da baƙi, ke ce mai shiga wurin hakimi, ke ce mai yanke hukunci ko na tayar mota ne. Sau nawa aka turo gayyatar horon shugabanci a Kano, kika ce in bari sai baɗi, wai idan na tafi wa zai riƙe miki ƙauyuka? Na yarda, don ina jin daɗin kin dogara da ni. Baɗin bai zo ba. Na shiga ina jami'ar ƙauye, kika tafi kika bar ni ina jami'ar ƙauye, ga furfura ta fara fito mini.

Da na nemi kujerar, kwamiti suka ce ban taɓa shugabanci ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ƙarya suka yi ba. Kina yawan ce mini ni ce hannun damanki. To, wa ya taɓa naɗa hannu shugaba? Kin san ciwon nan yana cinki, kin ɓoye mana, kika ci gaba da zuwa ofis kamar ba za ki mutu ba. Kin ɗauka ƙaunar da muke miki ita za ta tsare ƙungiya?

Wata ƙungiya a Katsina ta kira ni in shugabanci sashen mata, na amsa. Bayan girbi zan tafi. Kada ki ce na gudu. Kafin nan na damƙa wa Zainab, yarinyar da kika ɗauka bara, ƙauyukan Baure gaba ɗaya. Ita ke shiga wurin masu gari, ni ina zaune a waje. Ran nan ta yi kuskure a rabon iri, bakina ya yi ta ƙaiƙayi, na danne. Da kanta ta gano, ta gyara. Sai a ranar na gane wahalar abin da kika kasa yi, amma ban daina fushi ba tukuna.

Allah Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ni ma zan yafe, ki ɗan ba ni lokaci.

Ƙanwarki da ba ku haɗa jini ba,
Rakiya