Keken Ɗinkin Mahaifiyarka

Zuwa ga ɗana Likita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ni dai ƙafafu sun ƙi, daga gado zuwa ƙofa sai na huta sau biyu. Mahaifiyarka tana cin abinci, mun gode Allah.

Na samu wasiƙarka tare da takardar gidan kula da tsofaffi da kake so in sa wa hannu. Sau uku na karanta, raina yana ƙara ɓaci. Wai mahaifiyarka ta riga ta tafi, gangar jiki ce ta rage. Wai hankali ba komai ba ne sai ƙananan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da suka taru, nata kuwa sun mutu.

Ni za ka koya wa wannan? Shekara talatin ina riƙe da alli. Ni na kai ajinku bayan makaranta na nuna muku suri, na ce babu gara ɗaya da ta san fasalin ginin, amma ga gini ya tashi. Na ce haka tunani ya faro, daga tsutsa mai gudun zafi, a hankali a hankali, har ya kai ga mutum. Yaushe na ce muku in rabin garar ta mutu sai a rushe surin? Idan ƙananan abubuwa ne suka taru suka zama ita, to waɗanda suka rage ma ita ce.

Kuma wa ya ba ka izinin ɗauke keken ɗinkinta? Wai kada allura ta soke ta. Tun ranar take zama a gurbinsa, ƙafarta tana taka siminti. Ka ce sabo ne kawai da jijiya ta yi. Gaskiya ne ba ta san sunana ba. Mai kaya take ce mini, tana ba ni haƙuri in dawo jibi. Amma duk gidan nan, ita kaɗai ke yi mini magana.

Ka dawo da keken.

Mahaifinka.

Zuwa ga ɗana Likita,

Ina gaishe ka, don ba a fasa gaisuwa. Yaya jikokina?

Motar da ka aiko ta zo ranar Talata, babu keke a ciki, sai ma'aikata biyu da keken guragu. Na ja kujera na zauna a bakin ƙofa. Na ɗauko takardarka a gabansu na fara yagawa, amma hannuna ba ƙarfi, ta tafi a karkace.

Sai mahaifiyarka ta fizge ta. Ta yi mini faɗa irin na da, wai wane irin sakarai ne yake ɓata yadi haka. Ta ninka takardar gida biyu, ta goge ninkin da farce, ta ɗauko almakashi ta raba ta tsaf, ko gezau hannunta bai yi ba. Ta miƙa wa kowane ma'aikaci rabi, ta ce su dawo jibi.

Sun tafi. Kada ka sake aiko su. In kana son ka san abin da ya rage na mahaifiyarka, ka zo da kanka ka zauna ta gwada ka.

Ka gaida matarka.

Tsohon malaminka, mahaifinka.