Dadi a Saman Benen Tela

Haidarabad, ranar Litinin

Zuwa ga babbar yaya Tahsin Apa, sarauniyar Jidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da mijinki Dulha Bhai. Ki ce masa hoton da ya aiko ya iso, mun ga tumbin ya riga shi shiga ciki. Allah ya ƙara.

Takardar kamfanin yawon buɗe ido ma ta iso. Na karanta wa kakarmu Dadi: mota mai sanyi, da direba, da jagora namu mu kaɗai, daga safe zuwa magariba. Ta ce, "A zaga da ni Haidarabad? Ni da aka haifa a cikinta? Yarinyar nan ta ɗauka ɓata na yi?" Na ce ai har giwa kin biya a ɗora ta. Ta yarda, ta wuni tana tunanin yadda za ta hau da ciwon gwiwa. Da ta gano ni, ta jefo min murfin akwatin pan ɗinta, ganyen nan da take taunawa. Ba ta same ni ba, Apa. Kin san da can ba ta kuskure.

Mun koma wurin likita. Ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar ce take mutuwa. Idon hagu ya tafi, na daman ma kamar leƙe ta ramin makulli. Sai rana ta take sosai take rarrabe abu, da la'asar ta yi sai inuwa. Ya ce in akwai abin da take son gani, kada a bari damina ta wuce.

To akwai, kuma ba ya cikin takardarki. Kabarin kakanmu Dada take so. Tun ranar da aka fita da shi daga tsakar gida ba ta san inda aka ajiye mijinta ba sai a bakina. Kin san makabartarmu, mace ba ta wuce ƙofa.

Amma ƙanenki ba wawa ba ne. Doguwar rigar Dada tana nan a akwati, da jar hularsa. In na sa mata, na ɗora mata tabarau, wa zai ce ba tsoho ba ne ya zo ziyara? Har gashin baki Allah ya ɗan ba ta, kada ki ce na faɗa. Tunda ga mota ta samu, mu biya can da hantsi, sauran yinin a kai mu duk inda kike so.

Dadi tana gaishe ki. Ta ce man zafin da kika aiko ƙamshi kawai gare shi.

Ƙanenki mai biyayya wani lokaci,
Gaus

*

Jidda, ranar Juma'a

Ƙanena Gaus Pasha,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarka ta same mu lafiya. Maganar likita ta hana ni sukuni, Allah ya sa kaffara ce.

Batun riga da hula kada in ƙara jin sa. Matar da ta raine mu tun rasuwar iyayenmu, wadda ba a taɓa jin muryarta a titi ba, ita za ka mayar abin dariya a ƙofar makabarta? In aka gane ta, da wane ido za ta dubi unguwa? Mahaifiyarta ba ta shiga ba, tamu ba ta shiga ba. Addu'a tana isa daga kan darduma.

Ba kuka nake so ta yi a ranar ba. So nake ta ga abu mai kyau, ta riƙe shi a zuciya bayan ido ya rufe. Shekara da shekaru tana bayan hasumiyar Carminar, ba ta taɓa zuwa tsohuwar ganuwar Golkonda ba, ba ta taɓa zama bakin tafki ba. Ni ba na kusa, ba na iya ɗiga mata magani, ba na iya riƙe mata hannu. Wannan kaɗai nake iya yi daga nan, ka bar min shi.

Domin na san halinka, na rubuta wa kamfanin cewa kada a sauya komai a tsarin, ko da kai ka ce ni na aiko ka.

Ka sumbaci hannun Dadi a madadina. Ka riƙa salla a kan lokaci.

Yayarka,
Tahsin

*

Haidarabad, ranar Alhamis

Apa,

Assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya. An yi yawonki. Zauna ki ji.

Tun kafin wasiƙarki ta zo Dadi ta kashe maganar riga. Na fito da ita, na kakkaɓe, ta shafa wuyan ta ce, "Mutumin da bai taɓa ganina a waje ba mayafi ba, in je masa da hularsa a kaina? Mayar, ɗan nema." Da na karanta mata taki kuma ta ce, "Yarinyar nan guminta ne. A fara yi mata nata, in rana ta rage a yi nawa. Kuma kada ka buɗe wa baƙo baki."

Motar ta zo, ta kasa shiga lungunmu, yara suka raka mu bakin titi kamar an ɗauko amarya. Jagoran sunansa Yadagiri, baƙi siriri, da jan ɗigo a goshi, alamar ba Musulmi ba ne, da lema ruwan ɗorawa wadda yake ɗagawa don kada baƙinsa su ɓace. Baƙin nan mu biyu ne, ɗaya ma ba ta iya gudu, amma bai fasa ɗagawa ba. Na ce masa Dadi jikar sarki ce, sai an rusuna ake mata magana. Ya wuni yana rusunawa yana "Begum Sahiba".

Ya tsayar da mu gaban Carminar ya soma bayani. Dadi ta ce, "Beta, ɗana, ƙarƙashin waccan ƙafar tata aka huda min hanci. Wuce."

Ba ya iya wucewa. Ashe kowane wuri akwai mai buga masa tambari a takarda, in ya koma ofis da gurbi ɗaya babu, a bakin aikinsa. Ga kuma saƙonki an manna masa a sama da jan biro. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. A gidan tarihi ta zauna kan benci tana tauna pan, mu muka gano mata tsohon agogon da ake zuwa kallo. A Golkonda rana ta take, irin wadda idonta yake so, har ta ce min, "Gaus, waccan akuya ce?" Akuya ce kuwa, a can kan ganuwa. Na dubi ranar, na dubi akuyar. Hasken da za ta ga kabarin mijinta da shi ke nan muke kashewa a kan akuya. Yadagiri yana ta tafi a bakin ƙofa don ta ji yadda ƙarar take hawa dutse, ita ma ta tafa masa don kada ya ji kunya.

Na raɗa mata, "Dadi, bari in gaya masa."

Ta matse min cinya. "Ka bar bawan Allah ya ci abincinsa."

Aka kai mu cin shinkafar biryani, aka kai mu shagon lu'ulu'u, wai shi ma dole ne. Mai shagon ya zuba mata sarƙoƙi a tafin hannu, ta ce masu sanyi ne. Muna fitowa na ga hadari ya haɗo ta gabas. Nan na kasa. Na ja Yadagiri gefe na faɗa masa komai, har da cewa ba jikar kowa ba ce.

Ya dube ni ya ce, "Miyan, tun safe kana zuba min ƙarya iri-iri, gaskiya ɗaya da take da amfani ka riƙe ta sai yanzu? Da ka faɗa, da can muka fara, tambari ni na san yadda zan yi da shi." Saura tafki a takardarsa. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce wa direba ya juya.

Mun isa bayan la'asar. Mai gadin makabartar ya san ni sarai. Ya ce, "Gaus, kai shiga. Hajiya ta tsaya nan." Na ce tsohuwa ce, ido ne zai rufe, minti kaɗan. Ya ce dokar kwamiti ce, ba tasa ba. Na jawo masa abin da na tuna daga madarasa, cewa malamai sun saɓa a kan ziyarar mata. Ya ce a wane littafi? Apa, kin san ranar da aka yi wannan darasin ina bayan masallaci ina ɗaure wa malaminmu Maulana takalma. Yadagiri ya sa baki, mai gadi ya dubi goshinsa ya ce, "Kai kuma a su wa?" Dadi daga cikin mota ta ce, "Ku bar shi, gaskiyarsa."

Yadagiri ne ya ɗaga kai ya ga benen da ke jingine da katangar, hawa uku, na wani tela. Ya shiga ya roƙa, matar telan ta ba mu kujerar roba. Muka ɗora Dadi, ni da shi da direba, muka hau da ita wani matsattsen tsani tana salati tana zagina. Na ce, "Ga giwar da Apa ta biya." Ta yi dariya har kujerar ta kusa kuɓuce mana.

A sama, cikin shanyar mutane, ya miƙo min lemarsa. Ya ce, "Sauka ka tsaya a kan kabarin ka buɗe. Wannan launin ko daga ƙarshen Golkonda baƙina suna hango shi. Ni zan juya ta saitinka."

Na sauka da gudu. Na tsaya wajen kan Dada, gindin darbejiyar nan, na buɗe lema na ɗaga. Ina kaɗawa, ina tsalle, ni kaɗai a tsakiyar kaburbura kamar mahaukaci. Daga nan ina hango su, ita ƴar ƙarama cikin baƙin mayafi, shi yana riƙe da kafaɗarta yana nuni da hannu. Garin ya yi duhu kamar magariba. Na yi ta kiran "Dadi! Nan! Nan!" mai gadi yana ce min a rage murya. Sai ruwa ya sauko.

Da na koma sama na tarar matar tela ta lulluɓe ta da zane. Na ce, "Kin gani?" Ta ce, "Kai ni gida, sanyi nake ji." Da za mu rabu Yadagiri ya taɓa ƙafarta, ta dafa kansa. Ban san abin da ya faɗa a ofis game da tafkinki ba.

Ki yi faɗan, na shirya. Ki gai da yara.

Gaus

*

Jidda, ranar Laraba

Gaus,

Salam. Ba faɗa zan yi ba. Na karanta wasiƙarka a kicin, na sake karantawa, shinkafa ta ƙone.

Ni na sa aka manna takardar nan. Ina nan ina lissafa mata wurare masu kyau, ban tambaye ta ko sau ɗaya ba. Na rubuta wa kamfanin cewa ni na ba da izinin sauya hanya, kada su taɓa mutumin.

In an sake ɗaukar mota, a je da tsakar rana, a hau benen? Ka tambayi likita. Ka tambayi telan. Zan aiko ko nawa ne.

Amma ka faɗa min abu ɗaya, kuma don Allah ban da wasa. Ta gani?

Yayarka,
Tahsin

*

Haidarabad, ranar Lahadi

Apa,

Wa alaikumus salam. Kada ki ɗauki mota. Ruwa bai ɗauke ba tun ranar, kuma shekaranjiya da safe Dadi ta ce in buɗe taga, alhali a buɗe take. Likita ya haska fitilarsa, ya kashe, ya ce mu ci gaba da ɗiga maganin saboda ciwo kawai.

Na karanta mata wasiƙarki har ƙarshe. Ta ce, "Rubuta mata na gani. Ka ce na ga lema, na ga bishiya, wurin da kyau, da inuwa."

Na ce, "To ni fa, Dadi? Ni me za ki ce min?"

Ta lalubo kunnena ta ja, ba da ƙarfi ba. Ta ce, "Kai muryarka na ji. Na san dai ta wajen da yake. Yanzu rubuta abin da na ce, kada ran yarinyar nan ya ɓaci."

To ga shi na rubuta, Apa. Ta gani.

Ki gai da Dulha Bhai da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Gaus