Kunun da Ba Sukari

Bunkure, daren Laraba, 1984

Har yanzu raina a ɓace yake. Wai ni Yaya Asabe za ta kalla a gaban mata 'yan suna ta ce na ɓoye sukari! Kofi biyu na kununa ta shanye kafin ta ce, "Ladidi, wannan zaƙin ba banza ba, fito da abin da kika adana." Ta dai ci darajar ita yayar mijina ce.

Sukarin da maigidana Malam ya wuni a layi a Kano bai samo ba, ni a ina zan gan shi? Shinkafar gonarmu ta bakin kanal ɗin ban ruwa na jiƙa ta tsiro, na shanya, na niƙa da ɗanyen dankali. Da na dama gasara sai na bari ta sha iska, don tafasasshen zafi kashe tsiron yake, sannan na zuba niƙan a ciki na rufe. Da safe kaurin ya saki, zaƙi ya fito da kansa.

Na riga na jiƙa wata shinkafar. In ta tsiro, a gaban Yaya Asabe zan dama, ita za ta rufe tukunyar ta kwana da ita a ɗakinta. Da safe cokali ɗaya za ta samu, na shaida kawai.